Kamfailan da ba ya tafiya bayan an gama gini: tanadin da ake yi kafin a haɗa Emacs daga tushe

Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja daga rubutunta na tushe ya san yadda abin yake tafiya. A sauko da fayiloli, a tanadi kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun tushe zuwa harshen inji, a ba shi umarni, a jira ya gama. Daga nan aikinsa ya ƙare, ko an goge shi daga kwamfutar manhajar da ya haɗa za ta ci gaba da aiki ba tare da ta neme shi ba. Da wannan sabo ne mutane da yawa suke tunkarar haɗa Emacs, manhajar gyara rubutu, a sigarta mai juya harshen kwamfuta na Lisp zuwa harshen inji, kuma a nan ne suke tuntuɓe. A wannan gini kamfaila ba magini ba ne da zai ɗora rufi ya tattara kayansa ya kama gabansa. Ɗaki yake kamawa a cikin gidan, ya zauna, a riƙa kiransa kullum. Wanda ya gane wannan tun farko, rabin saƙonnin kuskuren da ke rikita mutane za su zama masa abu mai sauƙin fahimta.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera Emacs. Tun da Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985, manhajar hawa biyu ce. Hawan ƙasa an rubuta shi da harshen C: shi ke zana rubutu a allo, shi ke kula da ƙwaƙwalwa, shi ke karanta Lisp ya aiwatar. Hawan sama kuwa, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, an rubuta shi da Emacs Lisp, kuma a nan ne kusan duk abin da mai amfani yake taɓawa yake zaune. Shekara da shekaru hanyar hanzarta wannan Lisp ɗin guda ɗaya ce: a juya fayil mai ƙarshen .el ya koma .elc, wato wasu taƙaitattun umarni da furosesa ba ta gane su kai tsaye, sai wani tafinta a cikin hawan C ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa. Ya fi karanta ɗanyen rubutu sauri, amma dai tafinta na tsakani.

Andrea Corallo ne ya ɗauki aikin kawar da tafintan. Maimakon ya rubuta sabon kamfaila tun daga tushe, sai ya jingina da libgccjit, wani laburare (tarin ayyuka da wasu manhajoji ke kira) da David Malcolm ya rubuta, wanda ya shiga GCC, kamfailan GNU, tun siga ta 5 a 2015. Abin da laburaren yake yi shi ne ya ba kowace manhaja damar kiran injin GCC daga cikinta, ta bayyana masa aikin da take so, shi kuma ya fitar da harshen inji. Corallo ya sa Emacs ta ɗauki abin da mai haɗa .elc ya samar, ta juya shi zuwa wani tsari na tsakiya mai suna LIMPLE, ta tace shi, ta miƙa wa libgccjit, a ƙarshe a samu fayil mai ƙarshen .eln. An haɗe wannan aiki da babban reshen Emacs a 2021, ya fito ga jama'a a Emacs 28.1 a Afrilun 2022, ana kunna shi da zaɓin --with-native-compilation. Daga Emacs 30.1, wadda ta fito a Fabrairun 2025, yana kunne da kansa muddin an samu libgccjit a kwamfutar.

To, ga inda zancen yake. Fayil ɗin .eln laburare ne na gaske, irin wanda tsarin kwamfuta ke lodawa cikin manhaja tana tsaka da aiki. Kuma ba a gama samar da su duka ranar gini. Duk sabon ƙunshin Lisp da mutum ya girka wa Emacs wata shida bayan haka, Emacs za ta buƙaci juya shi. Ke nan GCC na nan tare da ita har abada.

Saboda haka idan aka ce "tanadin kamfaila" a wannan aiki, abubuwa uku ake nufi, kuma haɗa su wuri guda shi ne tushen yawancin ruɗani. Akwai kamfailan C da zai haɗa hawan ƙasa, wanda aikinsa na rana ɗaya ne, kuma ba dole ba ne ma ya zama GCC, wani kamfaila kamar Clang na iya yi. Akwai shi libgccjit, wanda ake buƙatarsa ranar gini da kuma kowace rana bayanta. Sannan akwai na ukun, wanda aka fi mantawa da shi: kayan da libgccjit ke dogara da su domin ya kammala aikinsa. Shi laburaren iyakarsa ya fitar da rubutun asambili, wato harshen inji a rubuce da kalmomi. Kafin wannan ya zama fayil da za a iya lodawa, sai asambila, wato as, ta juya shi, sannan mahaɗi, wato ld, ya ɗinke shi da wasu ƙananan fayiloli na GCC kamar crtbeginS.o da laburaren libgcc. As da ld daga ƙunshin binutils suke fitowa, sauran kuma daga GCC, kuma dole su kasance na sigar da libgccjit yake nema.

A ɗauki Debian da Ubuntu, domin a can ne matsalar ta fi bayyana ƙarara. Ƙunshin da ake girkawa sunansa yana ɗauke da lamba, kamar libgccjit-12-dev. Wannan lamba ba ado ba ce. Fayil ɗin libgccjit.h, wanda ke gabatar wa kamfaila ayyukan laburaren, ba a ajiye shi a /usr/include inda kowa ke dubawa. Ana ajiye shi ne a jakar da ta keɓanta da wannan siga ta GCC, wato /usr/lib/gcc/x86_64-linux-gnu/12/include a kan kwamfuta mai furosesar Intel ko AMD. GCC 12 ya san wannan jaka, yana leƙa ta da kansa. GCC 11 kuwa tasa jakar yake leƙawa, mai lamba 11, ba zai taɓa ganin abin da ke cikin ta 12 ba. Mutum sai ya girka ƙunshin, ya gani da idonsa cewa fayil ɗin na nan, amma configure, shirin da ke binciken kwamfuta kafin a fara gini, ya kafe cewa bai same shi ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Kamfailan da aka tura nema ne ba wanda ya san wurin ba.

Maganin bai wuce tambayar kwamfuta sigar da take amfani da ita ba. Umarnin gcc --version zai faɗa. Ubuntu 20.04 ta zo da GCC 9, 22.04 da 11, 24.04 da 13, Debian 12 kuma da 12. Ko dai a girka ƙunshin libgccjit mai lambar da ta dace da wannan, ko kuma, idan akwai dalilin son wata siga, a girka gcc ɗinta tare da ita a kuma faɗa wa configure ƙarara da rubuta CC=gcc-12 a layin umarnin. Ni hanyar farko na fi so, domin ba ta bar komai da mutum zai riƙa tunawa. Da yawa daga cikin jagororin da ke yawo a intanet an rubuta su ne a zamanin Ubuntu 20.04, lokacin da ake cewa a girka libgccjit-10-dev a sa CC=gcc-10. A lokacinsu daidai suke. Kwafe su yau a kan sabon tsari ba tare da duba lamba ba shi ke jefa mutane cikin wahalar da babu gaira babu dalili. A Fedora sunan ƙunshin libgccjit-devel, a Arch libgccjit kawai, kuma da yake waɗannan biyun siga ɗaya ta GCC ce ke kan gaba a cikinsu, ba a cika karo da wannan matsala ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da nake roƙon a guje mata: a ɗauki libgccjit.h a kwafe shi zuwa /usr/include, ko a ƙulla mahaɗar fayil da hannu domin configure ya yi shiru. Zai yi shirun. Amma an rufe bakin mai gargaɗi ne, ba a kashe wutar ba, kuma ranar da tsarin ya sabunta GCC babu wanda zai tuna cewa akwai wani tsohon fayil da aka dasa da hannu a wurin da manajan ƙunshi bai san da shi ba.

Shi kansa configure ya cancanci a yaba masa, domin bincike uku yake yi, kuma kowanne da irin saƙonsa. Da farko ya duba ko zai iya haɗuwa da laburaren. Sannan ya nemi libgccjit.h. Na ukun shi ne mai daraja: ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja da ke kiran libgccjit, ya haɗa ta, ya kuma kunna ta ya ga ko da gaske za ta iya samar da harshen inji. Idan na farko ko na biyu ne ya faɗi, batun ƙunshi ne ko lambar siga. Idan na ukun ne, to laburaren na nan amma bai samu abokan aikinsa ba, as ko ld ko waɗancan ƙananan fayiloli. Cikakken bayanin yana cikin config.log, kuma ba a ƙarshen fayil ɗin yake ba, domin ƙarshen jerin sunaye ne kawai. A nemi kalmar gccjit a ciki, a karanta layukan da ke biye da ita. A nan za a ga ainihin umarnin da aka gwada da ainihin abin da ya hana shi.

Game da Emacs 30 akwai abin lura. Da yake yanzu abin yana kunne da kansa, idan configure bai samu libgccjit ba gargaɗi kawai zai yi ya wuce, ya haɗa Emacs marar wannan fasaha. Gargaɗin na iya nutsewa cikin ɗaruruwan layuka, mutum ya yi makonni yana zaton yana da abin da ba shi da shi. Don haka ko a siga ta 30, a rubuta --with-native-compilation da hannu. Idan aka rubuta, rashin laburaren zai tsayar da aikin nan take, kuma tsayawar da wuri ita ake so.

Sauran matakan ba su da wani sirri. Wanda ya ɗauko tushen daga rumbun git na Savannah, inda GNU ke ajiye tushen Emacs, zai fara da ./autogen.sh, wanda ke buƙatar autoconf, kuma sai da texinfo za a haɗa littattafan jagora. Wanda ya sauko da ƙunshin sigar da aka fitar a hukumance, configure na ciki a shirye. A Debian da danginta, apt build-dep emacs zai kwaso akasarin sauran laburaren, idan an buɗe layukan deb-src. Ɗaya dai kada a manta da shi, zlib, domin wannan fasaha ba ta haɗuwa sai da shi: Emacs na buƙatar karanta fayilolin .el na tushe kafin ta juya su, kuma bayan girkawa a matse suke.

A kan macOS labarin ya ɗan bambanta. Umarnin gcc da Apple ke bayarwa ba GCC ba ne, Clang ne ke amsa sunan. Shi zai haɗa hawan C lafiya lau, libgccjit kuma a samo shi daga manajan ƙunshi na Homebrew ko MacPorts, kuma configure ya san yadda zai neme shi a can. Inda ake shan wuya shi ne bayan an gama. Mutum ya kunna Emacs daga tamina, tagar buga umarni, komai ya yi daidai, ya kunna ta ta danna tambarinta sai saƙo ya cika masa allo cewa "error invoking gcc driver". Dalili shi ne manhajar da aka kunna ta tambari ba ta gadar PATH da LIBRARY_PATH, wato jerin jakunkunan da ake dubawa, da mutum ya saita wa taminarsa, don haka libgccjit ba ya ganin jakar da libgcc yake. Gyaran shi ne a faɗa wa Emacs wuraren tun a early-init.el, fayil ɗin saitin da take fara karantawa, ko ta saita LIBRARY_PATH ko ta native-comp-driver-options. Kuma duk ranar da Homebrew ya ɗaga GCC zuwa sabuwar lamba, sunan jakar zai canja, a sake duba saitin, sau da yawa ma a sake haɗa Emacs ɗin. A Windows ana bi ta MSYS2 ne, kuma a can Emacs ba ta ɗaure da laburaren tun daga gini, tana nemansa ne lokacin da aka kunna ta. Idan ba ta same shi ba, za ta tashi, sai dai ba za ta juya sabon Lisp ba.

Sai tambayar yaushe za a juya fayilolin. Idan aka bar abin yadda yake, ranar gini ana juya waɗanda ake cusawa cikin Emacs tun kafin ta tashi ne kawai, wato waɗanda ke shiga fayil ɗin emacs.pdmp. Sauran sai ranar da aka fara loda su. A lokacin Emacs za ta yi amfani da .elc tukuna, ta tayar da wata Emacs a bayan fage ta yi juyin, idan an gama ta musanya ayyukan ba tare da mai rubutu ya sani ba. Shi ya sa a kwanakin farko fankar kwamfuta ke ta kuka. Adadin waɗannan ma'aikatan bayan fage yana hannun native-comp-async-jobs-number, kuma idan ba a taɓa shi ba rabin ƙwayoyin furosesa yake ɗauka. Ɗaya hanyar ita ce a juya komai tun ranar gini. A Emacs 28 ana yin haka da make NATIVE_FULL_AOT=1, daga 29 kuma da --with-native-compilation=aot. Ginin zai daɗe sosai, domin fayilolin Lisp da ke zuwa da Emacs sun haura dubu, don haka a haɗa da make -j da adadin ƙwayoyin furosesa. A ganina ga kwamfutar tafi-da-gidanka mai dogaro da batir, da kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, wannan hanya ce ta fi. A sha wahalar sau ɗaya, a ajiye sakamakon wuri guda, maimakon kowane mai amfani ya maimaita juyin a jakarsa.

Amma kada wanda ya bi wannan hanya ya ɗauka ya sallami GCC. Ƙunshin da zai girka daga baya suna nan suna jira. Kuma akwai wani abu mafi ɓoyuwa. Ayyukan Lisp da aka juya zuwa harshen inji suna kiran ayyukan hawan C ta wani tebur, ba ta sunayensu ba. Idan wani ƙunshi ya sake fasalin ɗaya daga cikin ayyukan C ɗin, ko ya naɗe shi da nasa ƙarin, wanda abu ne da ake yi yau da kullum a duniyar Emacs, sai an ƙera wata 'yar gada da za ta karkatar da kiran zuwa sabon fasalin. Ita ma gadar fayil ɗin .eln ce, kuma a take ake ƙera ta. Wannan ne ya sa wanda ya haɗa Emacs a wata kwamfuta ya kwashe ta zuwa wata marar binutils, ko ya sa ta cikin kwantenar da aka rage wa kaya, yake ganin kuskure a wurin da bai yi zato ba.

Fayilolin da aka juya a bayan fage suna taruwa a eln-cache, cikin jakar saitin mai amfani. A ciki akwai ƙaramar jaka mai ɗauke da lambar siga da wani hatimi na haruffa da lambobi. Hatimin daga sigar Emacs da zaɓuɓɓukan configure da jerin ayyukan hawan C ake lissafa shi, domin fayil ɗin .eln da aka yi wa wani gini ba shi da aminci a wani ginin. Ke nan duk sanda aka sake haɗa Emacs da wasu zaɓuɓɓuka, ko aka jawo sabbin canje-canje daga git da suka taɓa hawan C, sabuwar jaka za ta buɗe, juyi ya faro daga farko, tsohuwar kuma ta zauna tana cin wuri. Daga Emacs 29 akwai umarnin native-compile-prune-cache da ke share tsofaffin. Mai bin babban reshe kullum ya san da wannan kafin ya fara.

Gargaɗin da ke fitowa a kwanakin farko ma yana tsorata mutane fiye da kima. Emacs ɗin da ke juyi a bayan fage sabuwa ce fil, ba ta loda saitin kowa ba. Idan ƙunshi yana amfani da wani aiki ba tare da ya bayyana inda ya samo shi ba, a zaman yau da kullum ba a lura, domin wani ya riga ya loda shi. A bayan fage kuwa sai asiri ya tonu. Laifin marubucin ƙunshin ne, ba na ginin ba, kuma galibi ba ya hana aiki. Ana iya sa native-comp-async-report-warnings-errors ya zama silent domin tagar ta daina faɗowa, a kuma leƙa *Async-native-compile-log* idan ana son ganin abin da ke gudana.

Masu son matse kowane ɗigon sauri sukan cika CFLAGS, wato zaɓuɓɓukan da ake ba kamfailan C, da -O3 da -march=native. Ya kamata a sani cewa waɗannan hawan C kaɗai suke shafa, ba su isa ga fayilolin .eln ko kaɗan. Kuma -march=native na ɗaure Emacs ɗin da irin furosesar da aka haɗa ta a kai, idan aka kai ta tsohuwar kwamfuta tana iya faɗuwa tun kafin ta buɗe. Abin da ke juya akalar Lisp shi ne native-comp-speed, wanda yake kan 2 idan ba a taɓa ba. A kan 3 an ba kamfaila izinin ɗauka cewa ayyukan da ke cikin fayil ɗaya ba za a sake fasalinsu ba, don haka wanda ya gyara aiki Emacs na kunne yana iya ganin gyaransa bai kama ba. A manhajar da duk darajarta ita ce a iya canja ta tana tafiya, ba na ganin wannan ciniki ne mai riba. A bar shi a 2.

Shin duk wannan ɗawainiya ta biya? A takardar da Corallo da abokan aikinsa suka gabatar a taron Lisp na Turai a 2020, ƙananan gwaje-gwajensu sun nuna ƙarin sauri daga ninki 2.3 har zuwa 42 a kan .elc. Waɗannan gwaje-gwaje ne na tsantsar lissafin Lisp, kuma ba haka za a ji a hannu ba. Zanen allo da kwashe sharar ƙwaƙwalwa a hawan C suke, ba su canja ba. Jiran faifai ko intanet ko wata manhaja ta waje ma yana nan yadda yake. Inda ake jin bambancin shi ne ƙunshin da ke narka lokaci cikin Lisp: masu tace dubban zaɓuɓɓuka yayin da ake bugawa, manyan fayilolin Org, masu karanta wasiƙu. Ga wanda rayuwarsa ta aiki ke cikin waɗannan, na tabbata ya biya. Ga mai buɗe fayil ɗin saiti ya gyara layi biyu a kan kwamfutar saba, ƙunshin da tsarinsa ke bayarwa ya wadatar, kuma da yawa daga cikin tsare-tsaren Linux sun riga sun kunna fasahar a nasu ƙunshin.

Bayan make ya gama, kafin make install, a kunna src/emacs -Q daga cikin jakar ginin a tabbatar. A tambayi (native-comp-available-p), amsar t ake so. A duba system-configuration-features a ga NATIVE_COMP a jerin. Amma waɗannan biyun shaida ce kawai cewa laburaren ya lodu, ba su tabbatar da cewa as da ld suna amsa kira ba. Gwajin da ya fi shi ne a rubuta ɗan fayil ɗin .el mai aiki guda, a kira native-compile a kansa, a ga ya dawo da sunan fayil mai ƙarshen .eln. A maimaita wannan gwaji ta hanyar da za a riƙa kunna Emacs yau da kullum, ta tambari ko ta tamina ko a matsayin mai aiki a bayan fage, domin kowace hanya da muhallin da take gada. A kuma sake yin sa duk ranar da tsarin ya sabunta GCC.